Mayar da Hankali Gida: Yadda Ake Koyon Natsuwa Mataki-Mataki

Wata rana na sallame sallar La'asar a masallacin unguwarmu, na zauna zan yi tasbihi, sai na tambayi kaina: raka'a huɗun nan da aka yi, ina nake? Na san na yi kabbara, na san goshina ya taɓa ƙasa, tunda ga ƙura nan a kansa. Amma duk abin da ke tsakanin kabbara da sallama ya tafi ne a lissafin kuɗin makarantar yara, da kuma amsar da ya kamata in ba wani mutum da ya gaya mini magana tun da hantsi. Gangar jikina ce kawai ta shiga sahu. Abin ya dame ni ƙwarai, domin na gane ba a salla kaɗai nake haka ba. Haka nake cin abinci, haka nake sauraron iyalina, haka nake kwanciya barci.

Bahaushe ya daɗe da sanin wannan ciwo, kuma harshensa ya adana maganin. Muna cewa hankali ya tashi, hankali ya kwanta, hankali ya rabu biyu, a tattara hankali. Sai ka ce wata dabba ake magana a kai, mai tashi da kwanciya da tsinke igiya ta faɗa gonar mutane. Wadda ta fi burge ni ita ce kalmar da malami ke faɗa wa ɗalibi kullum: mai da hankali. Wato mayar da shi. An san ya riga ya tafi, aikinka ka komo da shi turke. Duk abin da zan faɗa a nan bai wuce wannan ba: ka lura ya tafi, ka dawo da shi, ya sake sulalewa, ka sake dawowa da shi, ba tare da ka hau kanka da faɗa ba.

Kada ka ɗauka kai kaɗai ne. A shekarar 2010 wasu masana biyu na Jami'ar Harvard da ke Amurka, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert, sun riƙa aika wa mutum 2,250 tambaya ta waya a lokuta daban-daban: me kake yi yanzu, me kake tunani, yaya kake ji? Suka tarar kusan kashi 47 cikin 100 na lokacin, hankalin mutanen ba ya kan abin da hannunsu ke yi, kuma a waɗannan lokutan ne suka fi rashin jin daɗin rai. Kusan rabin rayuwar farke ke nan mutum ba ya gida.

Mataki na farko: kwana uku kana kallo kawai

Kada ka fara da gyara. Makiyayin da bai san ta inda dabbarsa ke ficewa ba, ko ya sayi sabuwar igiya aikin banza ne. Ka ɗauki kwana uku ba ka sauya komai ba, sai dai sau biyar a rana, bayan kowace salla ko a wasu lokuta biyar da ka tsayar wa kanka, ka tsaya na minti ɗaya ka duba abu uku: yaya jikina yake, me nake ji a raina, ina hankalina ya je tun ɗazu?

Ka fara da jiki, don shi ba ya iya ƙarya. Mutum kan ce "lafiya lau" alhali haƙoransa a dantse suke, kafaɗunsa sun ɗage, goshinsa ya tattare. Aka ce labarin zuciya a tambayi fuska, to ka zama mai tambayar taka fuskar. Ka bi daga sama zuwa ƙasa: goshi, muƙamuƙi, wuya, kafaɗa, ƙirji, ciki, tafin hannu. Kowa da inda damuwa ke sauka masa. Wani gabansa ne ke faɗuwa, wani cikinsa ne ke ɗurar ruwa, wata ƙeyarta ce ke sarawa. Ni a muƙamuƙi take kama ni, kuma sau da yawa shi ke riga ni sanin cewa raina ya ɓaci.

Ka samu ɗan ƙaramin littafi ka riƙa rubuta layi ɗaya, da boko ko da ajami: "Azahar, ƙirji ya yi nauyi, tunanin bashi." Bayan kwana uku za ka sami layi 15. Ka karanta su a jere. Yawanci za ka ga abu biyu ne ko uku ke ta maimaituwa cikin riguna daban-daban, kuma akwai sa'ar da ta fi sauran muni. Wannan shi ne sanin kai a aikace, kuma da shi za ka yi aiki a sauran matakan.

Mataki na biyu: kafa turke

Hankalin da aka dawo da shi yana bukatar inda za a ajiye shi. Turken da ya fi sauƙi shi ne numfashi, saboda duk inda ka je da shi kake tafe, kuma shi ne ƙofar da za ka iya bi ka taɓa bugun zuciyarka da gangan.

Ga yadda abin ke aiki. Idan mutum ya tsorata ko ya fusata, jiki na sakin sinadaran shirin faɗa ko gudu, irin su adirenalin: zuciya ta ƙara sauri, numfashi ya gajarce ya koma saman ƙirji, tsoka ta ɗaure. Jiki ba ya bambanta kura a daji da saƙon mai bin bashi a waya. Amma akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙasan ƙwaƙwalwa, ta bi ta wuya ta isa zuciya da huhu da hanji, wadda ke aikin birki. Duk lokacin da ka shaƙi iska bugun zuciya kan ɗan ƙaru, idan kana fitarwa ya ɗan ragu. Saboda haka in ka tsawaita fitarwa fiye da shaƙa, birkin kake takawa.

Ka zauna a tabarma ko kujera, bayanka a miƙe ba tare da ka sandare ba. Ka ɗora hannu ɗaya a kan cibiya. Ka shaƙi iska ta hanci kana ƙirga ɗaya zuwa huɗu, ka ji cikin ya ture hannunka. Sannan ka saki iskar a hankali kana ƙirga ɗaya zuwa shida, kamar mai hura koko mai zafi. Kowane zagaye daƙiƙa 10 ke nan, wato numfashi 6 a minti, alhali baligi a zaune yakan yi tsakanin 12 zuwa 20. Zagaye 30 zai ba ka minti 5. Za ka iya ƙirgawa da gaɓoɓin yatsu. In huɗu da shida sun yi maka tsawo, ka fara da uku da biyar. In ka ji jiri, ka yi yawa ne wajen zuƙa, ka koma numfashinka na yau da kullum har ya wuce.

Yanzu ga inda mafi yawan mutane ke karaya. Ba za ka kai zagaye na huɗu ba sai ka tsinci kanka a kasuwa, ko a gidan surukai, ko kana sake buga gardamar makon jiya. Nan sai mutum ya ce, "Ni wannan abin ba nawa ba ne, kaina ba ya shiru." Babu wanda kansa ke yin shiru. Lokacin da ka farga cewa ka tafi, a daidai nan ne atisayen ya faru. Ka ce a ranka "na tafi", ka koma kan cikinka da ke tashi da sauka. Wanda ya dawo da hankalinsa sau 20 a zama ɗaya ya ɗaga ƙarfe sau 20 ke nan.

Wani zai tambaya ko wannan ba al'adar wasu ba ce. Tambaya ce mai kyau, kuma gara a amsa ta a fili. Shirin koyon tattara hankali irin wannan da asibitocin Turai da Amurka ke koyarwa yau, wani masani mai suna Jon Kabat-Zinn ne ya tsara shi a 1979 a makarantar likitanci ta Jami'ar Masachusets, na mako 8, don masu fama da ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ya ɗauko tushensa daga zaman tunani na mabiya addinin Buddha, ya cire masa rigar addini. Abin da na kawo a nan numfashi ne zalla, kamar miƙa ko tattaki. Ba ibada ba ne, kada a ɗauke shi ibada, kada kuma a ƙirƙira masa wata lada. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan Asuba, kafin ka taɓa waya.

Mataki na uku: kira abin da sunansa

Da yawanmu kalma ɗaya muke da ita ga duk abin da ke ci mana rai: "raina a ɓace yake." Alhali Hausa ta rarrabe su dalla-dalla. Fushi daban, haushi daban, takaici daban. Fargaba ba zullumi ba ce. Akwai kishi, akwai hassada, akwai kewa, akwai kunya, akwai nadama. Akwai kuma yunwa da gajiya da rashin barci, waɗanda kan sa rigar fushi su fito, musamman da yamma. Maganin kowanne daban ne. Mai takaici yana bukatar a saurare shi, mai fargaba yana bukatar bayani ko shiri, mai yunwa tuwo yake bukata.

Don haka idan abu ya taso, ka tsaya ka ba shi suna a zuci: "Wannan kishi ne." "Wannan tsoron talauci ne." A 2007 wani bincike da Matthew Lieberman ya jagoranta a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles ya nuna, ta hoton ƙwaƙwalwa, cewa idan mutum ya ambaci sunan yanayin da yake gani a fuskar wani a hoto, ɗan sashen nan na ƙwaƙwalwa mai kaɗa ƙararrawar tsoro yakan rage zafi. Ni ma na shaida haka a kaina. Hassada ce ta fi wuyar ambata, don ba wanda ke son ya same ta a gidansa. Amma ranar da na iya cewa a raina "wannan hassada ce nake ji game da buɗin da ɗan'uwana ya samu", a ranar ne na iya yi masa addu'ar ƙarin albarka da gaske. Kafin nan sunan da nake ba ta shi ne "ai gaskiya nake faɗa."

Sai ka ƙara abu ɗaya: ka raba abin da ya faru da labarin da zuciyarka ta ɗora a kai. Ka gai da maƙwabci bai amsa ba. Abin da ya faru ke nan, ya ƙare. "Ya raina ni tunda ya yi kuɗi, dama tun bikin 'yarsa na lura" kuwa saƙar zuci ce. Ta yiwu gaskiya ne, ta yiwu kuma mutumin daga asibiti yake da takardar gwaji a aljihu. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta gargaɗe mu cewa sashen zato zunubi ne, mu kuma muka ƙara da cewa ko da ya zama gaskiya. A littafinka ka ja layi a tsakiya: dama abin da idonka ya gani, hagu abin da ranka ya saƙa. Za ka yi mamakin yadda hagun ke cika shafi.

Mataki na huɗu: alwala da salla

Ga Musulmi, nan ne taskar take. Sau biyar a rana an riga an yanka masa lokaci, an ce ya bar komai, ya taɓa ruwa, ya fuskanci wuri ɗaya. Da Mala'ika Jibrilu ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da ihsani, amsar ita ce ka bauta wa Allah kamar kana ganinsa, in kai ba ka ganinsa to shi yana ganinka. Halartar zuciya ke nan a mafi ƙolin darajarta. Salla ba don kwantar da jijiyoyi aka farlanta ta ba, don Allah ake yinta. Sai dai Alƙur'ani da kansa ya ce, a aya ta 28 ta Suratur Ra'ad, da ambaton Allah zukata ke natsuwa. Annabi kuma yakan ce wa Bilal ya tayar da salla a hutar da su da ita. Mu kuwa sau da yawa so muke mu yi mu huta da nauyinta, kuma tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun ba ƙarama ba ce.

Ka fara tun daga buta. Ka bar magana yayin alwala. Ka ji sanyin ruwan a tafin hannu, ka ji shi a dasashi lokacin kurkurar baki, ka ji yadda yake ratsa tsakanin yatsun ƙafa. A mazhabar Malikiyya cuɗawa farilla ce, wato dole hannunka ya bi gaɓar da kake wankewa. To ka sa hankalinka ya bi hannun.

Sannan ka kawar da abin da ka san zai ja ka. An ruwaito cewa Annabi ya yi salla da wata riga mai zane, da ya idar sai ya ce a mayar wa Abu Jahm da ita, saboda zanen ya ɗauke masa hankali. Ya kuma hana yin salla ga abinci a gaba ko mutum na matse da bawali ko bayan gida, ya ce in an tayar da iƙama a zo da natsuwa, ba da gudu ba. Rigarmu mai zane a yau ita ce wayar da ke motsi a aljihu. Ka kashe ta ko ka bar ta a ɗaki.

Kafin kabbara, ka tsaya na numfashi biyu ko uku har kafaɗunka su sauka. A cikin sallar, kada ka ce yau duk raka'a huɗu zan halarta, za ka sha kaye. Ka zaɓi abu ɗaya na mako guda. Misali Fatiha: aya bakwai ce, ka nemi ma'anar kowace aya a wajen malami ko a fassarar Hausa, ka riƙa tsayawa a ƙarshen kowacce. Mako na gaba ka ƙara sujada: kada ka ɗago sai ka ji nauyin goshinka ya zauna a ƙasa sosai. Ka tuna mutumin nan da ya yi salla a masallacin Madina, Annabi ya ce masa har sau uku ya koma ya sake don bai yi salla ba, sannan ya koya masa: ka yi ruku'u har ka natsu, ka ɗago har ka daidaita, ka yi sujada har ka natsu. Shi ya sa malamanmu suka lissafa natsuwa da daidaito cikin farillan salla. Natsuwar gaɓoɓi tana hannunka, kuma sau da yawa ita ke janyo ta zuciya.

In an sallame, kada ka zabura. Tasbihin nan 33, 33, 33 da muke ja kamar ana korar mu, ka gwada yinsa da rabin saurin da ka saba. Ɗan'uwa Kirista da ke karanta wannan, tsarin ɗaya ne a lokacin addu'arka ta safe da ta dare: wuri ɗaya, waya a nesa, kalmomi kaɗan da kake nufin kowacce.

Gargaɗi ɗaya a nan: neman halartar zuciya kada ya rikiɗe ya zama waswasi. In ka ga kana maimaita alwala sau biyar ko kana ta sake kabbara, wannan wata cuta ce daban. Malamai sun ce mai yawan shakka ya yi watsi da ita ya ci gaba, in kuma ta ƙi barinsa, likitocin ƙwaƙwalwa na da maganinta.

Mataki na biyar: aiki ɗaya a rana, da dukan hankali

Taura biyu ba ta taunuwa. Ka zaɓi aiki ɗaya da kake yi kullum, ka ƙudurta cewa shi kaɗai za ka yi a lokacinsa. Kofin shayin safe ya isa: ɗuminsa a hannu, ƙamshin citta da kanumfari, kurɓa ɗaya bayan ɗaya. Uwargida, in tsintar shinkafa ce ko wanke-wanke, ki bar rediyo na minti goma, ki ji ƙwayar a yatsunki, ki ji kumfar sabulu. Mai tafiya masallaci ya ji tafin ƙafarsa na taka ƙasa.

Wanda ya fi kowanne wuya, ya kuma fi lada, shi ne sauraro. Yaronka ya dawo daga makaranta yana ba ka labari, ka ajiye abin hannunka, ka dube shi, kada ka shirya amsa yana cikin magana. Yara na gane wanda ke nan da wanda ba ya nan fiye da yadda muke zato.

Mataki na shida: yi wa waya shinge

Ba zan ce ka jefar da ita ba, da ita ake ciniki da zumunci. Amma wanda ya buɗe ido da asuba ya fara da hotunan hari da zage-zagen siyasa a Facebook, ya riga ya ba da ranarsa aro. Abu uku sun wadatar. Ka kashe ƙarar sanarwar duk wani zauren WhatsApp da ba na aikinka ko iyalinka ba. Ka ware lokaci biyu a rana na duba labarai. Ka kuma sa wayar ta kwana nesa da shimfiɗarka, ko da a ɗaya kusurwar ɗakin ce. Duk sanda hannunka ya nufi aljihu ba tare da an kira ka ba, ka tsaya na numfashi ɗaya ka tambayi kanka me kake gudu. Sau da yawa kaɗaici ne, ko wani aiki da kake jin nauyin farawa.

A nan zan cusa maganar barci. Baligi na bukatar aƙalla awa 7. Sinadarin da ke cikin goro da kofi da shayi kan ɗauki kimanin awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki, don haka goron bayan Magariba yana nan tare da kai har tsakar dare. Wanda bai yi barci ba, ko ya ƙware a duk matakan nan, abu kaɗan zai tunzura shi.

Mataki na bakwai: idan wuta ta riga ta kama

Duk atisayen da ke sama don wannan lokacin ake yinsa: an gaya maka baƙar magana a gaban mutane, ko mai babur ya goge maka mota, ko kishiya ta yi habaici. Tsakanin jin maganar da mayar da martani akwai 'yar tazara, kuma aikinka ka faɗaɗa ta. Magana zarar bunu ce.

Ka rufe baki tukuna. Ka nemi tsari daga Shaiɗan, kamar yadda Annabi ya nuna game da mutumin da fuskarsa ta yi ja don fushi. In kana tsaye ka zauna, in bai wuce ba ka kishingiɗa, haka ya zo a hadisin Abu Zarr. Ka saki dogon numfashi sau uku, irin na mataki na biyu. Ka ba abin suna. In da hali ka bar wurin, ka sa ruwa a fuska. Ka kafa wa kanka doka tun kana cikin sanyi: ba saki, ba rantsuwa, ba dukan yaro, ba tura saƙo, sai bayan salla ɗaya ta wuce. Gidaje nawa ne suka watse a cikin minti biyun da mai gidan ya kasa jira?

Wannan ba ya nufin ka haɗiye zalunci. In haƙƙinka aka ci, ka neme shi gobe da safe, da murya a ƙasa da hujja a hannu. Za a fi jin ka.

Mataki na takwas: hisabin dare

An ruwaito daga Sayyidina Umar cewa ku yi wa kanku hisabi kafin a yi muku. Wani malamin Bagadaza, Haris al-Muhasibi, wanda ya rasu a 857, laƙabinsa ma daga wannan ɗabi'a ya samo asali. Imam Gazali kuwa, wanda a 1095 ya bar babbar kujerar koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza bayan damuwa ta kai shi har harshensa ya kasa ba da darasi, ya kwatanta abin da ɗan kasuwa da abokin cinikinsa: da safe a gindaya sharaɗi, da rana a sa ido, da dare a zauna a yi lissafi. Duk wanda ya taɓa ba yaro jari a Kantin Kwari ko kasuwar Kurmi ya san wannan tsari.

Ka yi haka da kanka. Da safe sharaɗi ɗaya tak, ƙarami, wanda za a iya aunawa: "Yau ba zan katse maganar matata ba." Da dare, bayan Isha, minti biyar da littafinka. A ina na kasance a gida yau? A ina hankalina ya tsere, me ya kore shi? Wa na ɓata wa, da zan nemi afuwarsa gobe? Sai ka rubuta ni'ima uku na ranar, takamaimai: ba "lafiya" kawai ba, a'a, "ruwan sanyin da aka miƙo mini a tasha." In akwai damuwar da ke da abin yi, ka rubuta mataki ɗaya da za ka ɗauka gobe da lokacinsa. Wadda ba ta da abin yi, ka ambace ta a addu'a ka rufe littafin.

Hisabi daban, tuhuma daban. Ɗan kasuwar kirki in ya ga giɓi yakan rubuta ya gyara, ba ya ƙona shagon. In ka ga zaman na mayar da kai mai tsanar kanka, ka rage shi zuwa ni'ima ukun nan kawai na wani lokaci.

Inda wannan jagora ta tsaya

Numfashi ba ya biyan kuɗin haya, kuma ba zan raina wa mai fama da tsadar abinci hankali in ce masa matsalarsa a kansa take ba. Abin da natsuwa ke yi shi ne ta bar maka kai mai sanyi da za ka fuskanci matsalar da shi. Ita ce kuma ke raba mutum da neman sauƙi a kwalba ko ƙwaya. Mun ga abin da maganin tari mai kodin ya yi wa matasa da matan aure kafin gwamnatin Najeriya ta hana sarrafa shi da shigo da shi a watan Mayun 2018.

Wanda ya ga tashin hankali da idonsa, harin 'yan bindiga ko garkuwa ko mummunan haɗari, rufe ido na iya dawo masa da hotunan. Ya bar idonsa a buɗe, ya kafa ƙafafunsa a ƙasa, ya ambaci abu biyar da yake gani a ɗakin, huɗu da yake taɓawa, uku da yake ji da kunne. Faɗuwar gaba mai yawa kuma na iya zama alamar ƙarancin jini ko ciwon maƙoƙo ko matsalar zuciya, don haka a je a auna, a duba hawan jini. In baƙin ciki ya wuce mako biyu kusan kullum, abinci da barci sun rikice, abin da kake so da ya fita ranka, ko tunanin kashe kai ya fara zuwa, ka gaya wa wani na kusa yau, ku je asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato da Maiduguri, kuma likitan babban asibitin garinku zai iya tura ka. Zuwa can ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. Addu'a da magani tare suke tafiya.

Kada ka kwashi matakan nan takwas rana ɗaya. Makon farko, kallo da numfashin minti biyar sun isa. Na biyu ka ƙara alwala da Fatiha. Na uku kiran abu da sunansa da shingen waya. Na huɗu hisabin dare. Za a yi ranakun da za ka manta gaba ɗaya, wataƙila mako guda cur, musamman in an yi baƙi ko rashin lafiya a gida. Kada ka ce sai ran Asabar ko sai farkon wata za ka sake farawa. In aka kira sallar da ke tafe, ka bar wayar a ɗaki, ka ɗauki buta, ka fara daga ruwan da ya zuba a tafin hannunka.